Bambancin Makarɓa a Ƙwayoyin NKT na Garkuwar Jiki: Dalilin Duba Makiyayan Tegidda-n-Tesumt

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi abin da aka tabbatar game da makarɓan ƙwayoyin NKT, ta nuna cewa laƙabin "marasa sauyawa" ya lulluɓe bambanci mai yawa, sannan ta kawo hujjar faɗaɗa binciken zuwa makiyayan jihar Agadas.

Gabatarwa

Galibin ƙwayoyin T suna gane maƙiyi ne ta guntayen furotin. Su kuwa ƙwayoyin NKT maiƙo suke ganewa, wanda furotin CD1d ke miƙa musu. Abin da ke aikin ganewar shi ne makarɓi, mai sarƙoƙi biyu, alfa da beta, a bisa fatar ƙwayar. Da zarar ya kama abin da ya dace, cikin sa'o'i ƙwayar za ta saki sinadaran da ke tayar da sauran dakarun jiki.

Inda bambancin yake

Ƙwayoyin NKT rukuni biyu ne. A rukuni na ɗaya, sarƙar alfa kusan iri guda ce: Vα24-Jα18 a mutum, Vα14-Jα18 a ɓera. A 1997 ayarin Masaru Taniguchi a Japan ya nuna cewa ƙwayoyin wannan rukuni suna amsa wa α-GalCer, maiƙon da asalinsa daga wani soson teku ne. Daga nan aka riƙa kallon su kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Amma sarƙar beta ba ta bi wannan tsari ba. A mutum Vβ11 ce, a ɓera kuwa Vβ8.2 ko Vβ7 ko Vβ2, kuma madaukin CDR3β yana sauyawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Hoton tsarin makarɓin da aka fitar a Ostareliya a 2007 ya nuna alfa ce ke taɓa maiƙon, beta tana dafa CD1d. A ganinmu nan ne gizo ke saƙa, domin ƙarfin dafawar na iya raba ƙwaya mai zafin nama da mai sanyin jiki. Rukuni na biyu ma makarɓansa barkatai ne, wasunsu suna gane salfatayid, wani maiƙo na jikin mutum kansa.

Me ya sa Tegidda?

A Tegidda-n-Tesumt ana jiƙa laka da ruwan gishiri, a tace, a zuba a ƙananan ramuka rana ta shanye, kuma yawancin gishirin dabbobi ake kai wa. Ƙarshen damina Abzinawa da Wodaabe kan taru da garkunansu a kewayen Ingal, yankin da Tegidda take, don lasar gishiri, mutum da dabba a mashaya ɗaya.

Abubuwa biyu suka ja hankalinmu. A 2011 an nuna cewa ƙwayoyin NKT suna gane maiƙon Streptococcus pneumoniae, ɗaya daga cikin masu haddasa sanƙarau a Sahel. Sannan CD1d na saniya, da a 2006 aka zaci matacce ne, daga baya an gano yana aiki, sai dai ba ya ɗaukar α-GalCer mai doguwar jela. Ashe abin da aka koya a ɓera bai isa awo ga saniya ba.

Shawara

Ƙwayoyin rukuni na ɗaya kan gaza kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin T a jinin mutum, saboda haka aikin na buƙatar sanyaya samfur tun daga daji da na'urar karanta jerin ƙwayoyin gado. Muna kira ga cibiyar CERMES da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai su haɗa likitocin mutane da na dabbobi, su nemi yardar makiyaya da shugabanninsu, su fara da sarƙar beta.