A-KORI-KURAR BABA: Tarihin Fijo 404 Daga Kaduna Zuwa Ƙofar Gidanmu

A wannan makon ina neman afuwarku, domin na ɗan jingine labarin da muke ciki, zan kawo muku tarihin wata tsohuwar mota wadda saura ƙiris ta raba ni da 'yan'uwana.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a shekarar 2012, ya bar mana gida da gona da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda mu Hausawa muke kira Fijo. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa motar take ajiye a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da bayanta akurki. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, sai Yayanmu babba ya tara mu ya ce ga masu sayen gwangwan sun yi tayi, a ɗora ta a sikeli a raba kuɗin. Gaskiya ce ya faɗa, domin gado ne, kuma kowa yana da buƙata. Inna tana gefe ba ta ce uffan ba, sai dai na ga ta sa gefen mayafi ta share ido. Nan take na ce, "Yaya, a yi mini alfarma. A yi mata kuɗi in biya kowa kasonsa, ni zan tashe ta." Ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka san filogi ba? To, wata shida na ba ka. In ba ta tashi ba, sikeli."

Kafin in ba ku labarin gyaran, bari mu koma baya mu ga inda wannan mota ta samo asali.

A shekarar 1960 kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404, daga baya aka yi mata ƙirar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Ta yi suna a Afirka saboda juriya, domin sau huɗu tana lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wato a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗa gwiwa da Faransawa aka kafa kamfanin PAN, sannan a 1975 masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, saboda cunkoson da tashar jiragen ruwa ta Legas ta yi fama da shi a lokacin, ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, daga nan a kai su Kaduna. Ke nan ƙarafan motar Baba sun sauka Kano tun kafin su zama mota.

Zamanin kuɗin mai ne, kuma ba Kaduna kaɗai ba ce. Akwai Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da Leyland a Badun, da masana'antar manyan motocin Fiat a nan Kano. Gwamnati ta mayar da Fijo 504 motar ofis, ita kuwa a-kori-kura ta zama jakin talaka. A 1978 Baba ya sayi tasa. Da ita ya riƙa cin kasuwannin Bichi da Ɗambatta yana kawo gero da dawa cikin birni, da ita aka kai gara da jeren 'yan'uwanmu mata, a bayanta kuma aka ɗauki gawarwakin unguwarmu da ba za su ƙirgu ba zuwa maƙabarta, bai taɓa karɓar ko kwabo a kan wannan ba.

To, sai al'amura suka juya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan aka shiga zamanin tokumbo, wato motocin da Turawa suka gama mora. Masana'antun nan suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, har a 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta na PAN ga 'yan kasuwa.

Mu dawo ƙofar gida. Na zaga garejoji uku, duk matasan bakanikai suka ce ba su iya ta ba, su sai motar da za su jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta. Inna ce ta tuna mini da tsohon bakaniken Baba, wanda ya bar sana'a saboda idonsa ya yi rauni. Da na je na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙatata, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, hannuna ya mutu, amma kunnena yana nan. Kai za ka yi aikin, ni in zauna in faɗa maka."

Haka muka yi. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Matsala ta farko, injin ya ƙame saboda shekara goma sha ɗaya bai juya ba. Ya sa na kwance filogi huɗun, na ɗura baƙin mai gauraye da gas a ramukansu, muka bar shi mako guda, sannan na riƙa gwada juya shi da sifana a hankali. Ya hana ni sa batir, ya ce in aka tilasta masa da kik, ringin fistin zai karye. Ranar da injin ya motsa sai da na yi kabbara.

Duk da haka sai da muka sauke kan injin. A nan na ga hikimar masu ƙirar, domin ramukan da fistin yake kai-kawo a ciki wasu kofunan ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi, ba sai an yar da injin ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa na samo ringi da gasket, wasu kayan kuma sai da na aika Panteka a Kaduna. Muka sauke tankin mai, muka zuba tsakuwa muka girgiza har tsatsa ta fita. Muka wanke kafireta, muka canja kontak, aka like lagireto. Wayoyin da ɓeraye suka cinye kuwa mai wayarin na kira, don wannan ba wurin gwaji ba ne.

Inda tsohon ya fi tsanantawa shi ne birki. Na so in bar tsofaffin robobin saboda aljihu ya yi sanyi, sai ya ce, "Motar da ba ta tashi ba asararka ce kai kaɗai, wadda ba ta tsayawa kuwa asarar 'ya'yan mutane ce." Dole na sayar da babur ɗina, muka canja robobi da tiyo da man birki, na sayi taya huɗu.

Saura kwana tara wa'adin Yaya ya cika muka sa batir. Sau biyu tana tari tana mutuwa. Tsohon ya karkata kunne ya ce in ɗan murza distiributa zuwa hagu. A karo na uku ta ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe layin, yara suka sa ihu. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Wallahi muryar ce, kamar Malam zai shigo." Bayan nan na sabunta takardu da inshora, 'yan VIO suka duba birki da fitilu suka ba ni shaidar lafiyar mota. Yaya da kansa ya fara neman aronta, ya kwaso amfanin gona.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an yi zamanin da ake harhaɗa mota a Kaduna, aka kuma yi ta yadda mai sifana da basira zai gyara ta a gindin bishiya. Ƙarfen yana nan, amma masu iliminsa suna ƙarewa, kuma ba a rubuta abin da suka sani ba. Tsohon nan ya rasu a azumin da ya biyo baya, a bayan motar kuma muka kai shi. Duk abin da ya faɗa mini na rubuta a littafi, amma na san ko rabin abin da ke kansa ban samu ba. Don haka duk mai irin wannan tsoho a kusa, bakanike ne ko maƙeri ko masaƙi, ya ɗauki biro ya zauna a gabansa tun yana da rai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.