Yadda Aka Sami Ido Mai Gani Cikin Duhu

Masu iya magana sun ce dare rigar mugu. Tun zamanin dā, abin da mai dukiya ke tsoro shi ne lokacin da rana ta faɗi, domin idon ɗan Adam ba ya aiki sai da haske. Maigadi ya kan kunna fitila, amma fitilar nan ita ce ke nuna wa ɓarawo inda maigadin ya ke zaune. Yau kuwa akwai kyamarar da a ke kafawa a jikin bango, tana ɗaukar hoton mai wucewa cikin baƙin duhu, shi bai sani ba. An yi shekara wajen ɗari biyu ana aiki kafin a kai ga wannan.

Asalin abin daga wani masanin taurari ne, William Herschel, haifaffen Jamus, mazaunin Ingila. A cikin shekara ta 1800 ya sa hasken rana ya ratsa wani gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo. Sai ya riƙa aza ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya kai kan ja, ya gusa da ma'aunin gaba kaɗan, wurin da ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya ƙaru. Nan ya gane akwai wani haske a bayan ja wanda ido ba ya iya kamawa. Shi ne Turawa ke kira infirared, watau ɓoyayyen haske. Herschel bai yi wannan bincike don kama ɓarayi ba, amma a kansa aka gina kusan duk abin da ya biyo baya.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fito da amfanin abin. Wajen ƙarshen yaƙin, Jamusawa suka ɗora wa waɗansu tankokinsu fitilar ɓoyayyen haske, tare da madubin da ke juya shi ya zama hoto. Sojan Amurka ma sun yi aiki da irin wannan a kan bindigoginsu a tsibirin Okinawa a 1945. Sai dai akwai aibi babba. Idan abokin gaba yana da irin madubin, zai hango fitilar sarai, mai farauta ya koma abin farauta. Saboda haka a yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, aka fito da wani madubi wanda ba ya bukatar fitila. Ɗan hasken wata da na taurari ya ke tarawa, ya riɓanya shi sau dubbai, ya nuna hoto kore.

A cikin yaƙin Jamus ɗin nan kuma an kafa kyamara don kallon wuri daga nesa. A 1942 kamfanin Siemens ya haɗa kyamara da akwatin talabijin a Peenemunde, don injiniyoyi su kalli tashin roka ba tare da sun kusanci wuta ba. Daga baya dabarar ta shiga hannun farar hula. Wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a birnin Niyu Yok, Marie Van Brittan Brown, aikinta ya kan sa ta koma gida ba kan lokaci ba, unguwarsu kuwa ba ta da kwanciyar hankali. Ita da mijinta Albert suka tsara kyamarar da ke leƙa ƙofa, mai gida ya ga baƙo a akwati yana daga ɗaki, har ya yi magana da shi. Sun nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1966, aka ba su a 1969. Amma kyamarorin wancan zamani, da magariba ta yi sai su dundume, hoto ya zama hazo.

A 1969 ɗin nan, masana biyu a ɗakin bincike na Bell a Amurka, Willard Boyle da George Smith, suka ƙago wani ɗan ƙaramin faranti mai ɗauke da ƙananan idanu jere-jere, kowanne yana juya hasken da ya faɗo masa ya zama lantarki. Wannan ya jawo musu lambar girma ta Nobel a 2009. Cikin shekarun 1990 wani injiniya, Eric Fossum, da abokan aikinsa a hukumar binciken sararin sama ta Amurka, suka kyautata wani iri mai araha, mara cin wuta. Irinsa ne ke cikin wayoyin hannu da yawancin kyamarorin tsaro.

Farantin nan yana da wata baiwa, yana ganin ɓoyayyen hasken Herschel. Don haka maƙera suka kewaye idon kyamara da ƙananan ƙwayayen fitila masu ba da wannan haske. Da rana akwai wani ɗan gilashi da ke tare shi don kada launuka su ɓaci. Idan duhu ya yi, gilashin ya kan kauce da kansa, fitilun su kama, hoto ya koma fari da baƙi. Ga inda gizo ke saƙa: alƙali ba zai san ko rigar ɓarawo ja ce ko shuɗiya ba. Idan mutum ya matso kusa ƙwarai, fuskarsa ta kan yi fari fat. Yanar gizo-gizo a bakin gilashi ma ta isa ta rufe kome.

Don gyara wannan aka yi kyamarori masu faffaɗan ido da babban faranti, waɗanda ke fitar da launi da ɗan hasken fitilar titi. Su ma suna da iyaka. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara ta kan daɗe tana tara shi kafin ta rufe hoto ɗaya, saboda haka abin da ke tsaye ya fita tsaf, mai gudu kuwa ya zama kamar hayaƙi. Akwai kuma masu ganin zafin jiki, waɗanda ba ruwansu da haske ko kaɗan. Suna nuna mutum ne ko dabba daga nesa, amma ba su bayyana kamannin fuska, ba su kuma gani ta cikin gilashin taga.

Duk wanda zai kashe kuɗinsa a kan wannan kaya, ya kamata ya gwada shi da dare, mutum yana tafiya a gabansa, kafin ya biya. Ya kuma sani kyamara shaida ce kurum, ba ta da hannun kama kowa. In wuta ta ɗauke babu batir, ta makance. In ba mai duba hotunan, ba ta amfana kome ba. Sa'an nan idon da ke ganin ɓarawo shi ne ke ganin tsakar gidan maƙwabci, don haka ƙasashe da yawa suka kafa doka a kan inda a ke fuskantar da ita da yadda a ke ajiye hotunanta. Mai gida da ya kiyaye waɗannan, ya haɗa da fitila mai kyau da maigadi mai amana, shi ne ke da fatan ganin ranar nan ɗaya ta mai kaya.