Yadda Zargi Ya Haifi Ma'aunin Tiyata a Amurka

A tsakiyar shekarun 1980 asibitocin tsoffin sojojin Amurka, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar VA da aka kafa tun 1930, suna shan suka ta ko'ina. Zargin shi ne mutane na mutuwa a can bayan tiyata fiye da ƙima, musamman waɗanda aka yi wa aikin zuciya. A watan Disamba na 1985 Majalisar Dokoki ta yi doka: dole hukumar ta riƙa kai rahoton sakamakon tiyatarta, a gwada shi da abin da ake samu a sauran asibitocin ƙasar, a kuma yi la'akari da tsananin ciwon marasa lafiyar.

Da aka zo aiwatarwa sai aka tarar babu abin da za a gwada da shi. Asibitocin gari ba su da wani lissafi na bai-ɗaya kan wanda ya rayu da wanda ya mutu bayan aiki. An ce wa VA ta auna hatsinta, alhali kasuwar ba ta da mudu. Ƙirga gawa kai tsaye kuma zalunci ne, domin yawancin masu zuwa VA dattawa ne maza, da dama sun daɗe suna shan taba, ga ciwon suga, ga na huhu. Asibitin da ke karɓar waɗanda jikinsu ya fi tsanani shi zai fi kowa baƙin suna.

Likitocin VA ne da kansu suka ƙera ma'aunin. An fara da aikin zuciya a Denver a 1987. Daga 1991 zuwa 1993 kuma aka gudanar da babban bincike a asibitoci 44, ƙarƙashin jagorancin Shukri Khuri, likitan tiyatar zuciya haifaffen Birnin Ƙudus da ke aiki a Boston, tare da Jennifer Daley da William Henderson. Dabarar ba ta da ƙawa, sai dai wahala. A kowane asibiti aka ajiye nas guda da aka horar, aikinta bin fayil. Kafin aiki ta rubuta shekarun mutum, cututtukansa da sakamakon gwajin jininsa. Bayan aiki ta bi shi har kwana 30, ko da an sallame shi, ta ji ko ɗinki ya ruɓe, ko ciwon huhu ya kama shi, ko ya cika. Da wannan ake lissafa yawan mace-macen da ya kamata a gani a irin waɗannan marasa lafiya, a gwada da abin da aka gani a zahiri. Wani abin da ya fito fili shi ne, ƙarancin sinadarin albumin a jini na cikin manyan alamomin wanda zai sha wuya bayan tiyata, alhali gwaji ne mai arha.

A 1994 binciken ya zama shiri na dindindin mai suna NSQIP, ya game duk asibitocin VA masu yin manyan ayyuka. Inda lissafi ya nuna matsala a kan tura tawaga ta je ta duba. Zuwa farkon shekarun 2000 an ba da rahoton cewa mutuwa cikin kwana 30 ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki kuma da kashi 45.

Sai reshe ya juye da mujiya. A 1999 asibitocin jami'o'in Emory, Michigan da Kentucky suka gwada tsarin, a 2004 kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta buɗe shi ga asibitocin da ba na gwamnati ba. Kusan shekara 20 bayan dokar, sannan aka sami abin gwadawar da majalisa ta nema, kuma daga hannun wanda ake zargi ya fito. Khuri ya rasu a 2008.

Maganar ta sake tashi a 2014, lokacin da aka gano ana ɓoye jerin masu jiran ganin likita a asibitin VA na Phoenix, har sakataren ma'aikatar tsoffin sojoji, Eric Shinseki, ya yi murabus. Dokar da ta biyo baya ta ba tsohon soja damar zuwa asibitin gari da kuɗin gwamnati idan zai jira fiye da kwana 30 ko yana zaune fiye da mil 40 daga asibitin VA. Dokar MISSION ta 2018 ta ƙara faɗaɗa ƙofar. Daga nan tambayar ta zama ta maƙwabta: wannan asibitin VA ko wancan na kusa da shi?

Binciken da William Weeks da Alan West suka buga a 2019 ya duba yankuna 121 masu asibitoci iri biyun, ya tarar a mafi yawansu VA na daidai da maƙwabtanta ko ta fi su. Wani kuma a mujallar JAMA Surgery, da bayanan 2015 zuwa 2018, ya nuna mutuwa bayan tiyata ta fi ƙanƙanta a VA.

A ganina gwajin bai zama na adalci ba tukuna, amma ta wata fuskar dabam. Shiga lissafin wajibi ne ga asibitin VA. Ga asibitin gari kuwa ganin dama ne, har da biyan kuɗi, don haka manyan asibitoci ne suka fi shiga. Tun 2019 ana iya tura tsohon soja wajen ƙwararren likita a gari idan tafiyarsa zuwa VA ta wuce minti 60 a mota, ko jiransa ya wuce kwana 28. Waɗannan biyun kowa na iya ƙirga su. Ƙaramin asibitin da za a kai shi kuwa, mai yiwuwa ba shi da nas ɗin da ke bin marasa lafiya har kwana 30.