Gulbin Maradi da maganar mashigi

Yau a kan gulbi za mu tsaya, wanda muke mantawa da shi wata takwas, sai damina ta kankama mu tuna cewa ya riga mu zama a ƙasar nan.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa. A can sunansa Gada, ya biyo ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Jiratawa, ya gifta gefen Maradi, ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Baƙo ne mai shigowa ta wata ƙofa ya fita ta wata, amma garuruwanmu duka a bakinsa aka kafa su. Lokacin da sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, cikin kwarin nan Ɗan Kasawa da jama'arsa suka zauna, saboda kurmi da fadama: ga wurin fakewa, ga abinci. Gobirawa ma da aka ci su a Gawakuke a 1836, bakin gulbin suka dawo suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Wato tsohon Maradi a ƙasa yake, kafaɗa da kafaɗa da ruwa. Har yau muna da unguwar da ake kira Ɗan Gulbi, sunan bai faɗo daga sama ba.

A ƙasar Hausa tsallake gulbi sana'a ce mai suna, fito. Masu fito sun san inda ƙasa take da tauri, sun san inda ruwa yake juyawa. Inda babu komi, da babban masaki ko gora ake yi: a zuba kaya ciki, mutum ya riƙe baki, mai fito yana iyo yana turawa. Kuma mashigi yana da mai shi. Sarkin ruwa ko wani dattijo shi ke cewa yau a shiga, yau a dakata, ba a yi masa gardama. Ba takarda, ba taswira, amma tsari ne.

Sai 1945. Ruwa ya zo da ƙarfin da ya ci tsohon gari, gidajen ƙasa suka narke. Turawan Faransa suka tashi garin suka maido shi kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu, suka yanka fili-fili, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci kowace ta samu wurinta. An tsara kasuwa, an tsara fadar sarki. Abin da muke gani shi ne tun daga ranar garin ya juya wa gulbi baya. Gonaki da garake dai suna nan cikin fadama, ba su hau tudu tare da mu ba. Manomi ya kwana a sama, abincinsa yana ƙasa, wani ma a ƙetare.

Daga baya gulbin kansa ya canza hali. A farkon shekarun 1980 aka yi aikin noman rani na Jiratawa, hekta wajen 500 da ONAHA take kula da su, da rijiyoyi da famfuna masu jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa. Can sama kuma Najeriya ta gina barajin Jibiya a kan Gada. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a watan Yuli na 1990 kan rabon ruwan gulaben da suka haɗa su, namu yana ciki. Amma yarjejeniya tana ofis, mai kwale-kwale yana bakin ruwa. Yanzu ruwan ba hadarin da muke gani a samanmu kaɗai yake bi ba. Ana iya wayi gari rana tsaka, ba ko ɗigo a Maradi, gulbi ya cika saboda abin da aka yi a Katsina. Ilimin tsofaffi na duba sama bai isa shi kaɗai ba.

To mene ne ya rage? Kowace damina mashigai suna tsirowa da kansu, duk inda hanyar ƙafa ta ƙare. Mata da kayan miya, ƴan lakwal, mai babur da ya nace sai an ɗora masa shi, a gangara ta gaɓa mai santsi a shiga. Wurin da ake shiga jirgi nan ake shayar da shanu, nan kamiyo ya kwashi rairai da rani ya bar rami wanda ruwa ya rufe. Ramin nan ne abin tsoro, don ba a ganinsa.

Kada a ce sai babban kogi ake asara. A ƙarshen Nuwamban 2021, a Bagwai ta jihar Kano, kan ruwan dam ne jirgi ya kife saboda lodi ya yi yawa, mutum 29 aƙalla suka rasu, akasari yara ƴan islamiyya. Allah ya jiƙansu.

Zaɓen wurin mashigi ba sai an ɗauko injiniya daga Yamai ba, ko da yake in ya zo muna maraba. Kada a sa shi a bayan kwana, inda ruwa yake dukan gaɓa yana cinye ta, shekara biyu ba za a tarar da wurin ba. Cikin kwana kuma rairai yake tarawa, jirgi ya maƙale tun bai kai ba. Inda gulbi ya miƙe, nan ake nema. A kwantar da gangaren a zuba masa dutse ko marmara, yadda tsohuwa za ta sauka ba a riƙe ta ba, kuma a yi shi da tsawo don ya yi aiki ko ruwa ya hau ko ya ja. Wurin sauka na ƙetare ya ɗan yi ƙasa da wurin tashi, tunda ruwa jan jirgi yake, kowane mai gwangwala ya san haka. Turke na ɗaure jirgi, da rumfa. Mashayar dabbobi a maida ta ƙasa, masu rairai a nisanta su. Abin da muka fi so kuwa shi ne sanda guda da aka kafa a gaɓa aka shafa mata fenti: ruwa ya taɓa ja, ba mai shiga, ko ɗan wane ne. Wannan ita ce maganar sarkin ruwa ta dā, an rubuta ta a jikin ƙarfe.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 irin wannan aiki yana hannun kwamin-kwamin, kuma ga uku daga cikinsu jere a kan ruwa ɗaya: Jiratawa a sama, Maradi a tsakiya, Tibiri a ƙasa. Ruwan da ya wuce Jiratawa da safe shi ne zai iso Tibiri, kira ɗaya na salula ya isa a tsayar da jirage, mu kuma gidajen rediyo mu sanar. Lokacin auna gaɓa da zuba dutse shi ne rani, Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da mutum zai taka cikin gulbin da ƙafa ya ga ramukan da idonsa. Masu fito na kowane mashigi sanannu ne, a kira su zaman meriya kafin a ja layi ko ɗaya.