Haɗin Gwiwar Yanki da Gina Masana'antar Sola: Nazari kan Nijeriya da Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa ƙasashen Sahel, duk da yalwar hasken rana da Allah Ya hore musu, har yau suke sayo kusan dukkan kayan sola daga waje. An ɗauki Nijeriya da Nijar a matsayin zakaran gwajin dafi. Matsayar maƙalar ita ce ƙarancin ilimi bai kai rarrabuwar kasuwa illa ba, kuma haɗin gwiwar da zai ɗore shi ne wanda aka ɗora a kan ma'aunin inganci guda, da horo guda, da ƙera sassan da yanayin yankin ke buƙata.

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya, farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai, har da bakin rijiyoyin masu noman rani. A Nijar ma haka abin ya kasance bayan katsewar wutar da aka yi fama da ita a shekarar ta 2023. Buƙatar ba ƙarama ba ce: fiye da mutum miliyan 80 ba su da wutar lantarki a Nijeriya, a Nijar kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samunta. Sai dai faranti da batir da inbata da famfon da ake sayarwa a Kano ko Maraɗi, galibinsu daga Sin suke zuwa, ƙasar da ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera farantan sola a duniya. Ke nan kuɗin da ake ragewa daga sayen fetur, shi ne ke ficewa ta ƙofar sayo kaya. Tambayar ita ce: wane ɓangare na wannan sana'a zai iya zama a gida, kuma ta wace hanya?

2.0 Waiwaye: Ilimin da ya Riga Kasuwa

Binciken makamashin rana ba baƙo ba ne a yankin. Nijar ta kafa hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1965. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziya wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fara aikin binciken rana a Bamako kafin ya dawo ya jagoranci hukumar daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa an ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da murhun girki, duk masu aiki da zafin rana. A Nijeriya kuma an buɗe Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982, a jami'ar da yanzu ake kira Usmanu Ɗanfodiyo, inda aka yi aiki kan na'urorin busar da amfanin gona da makamantansu.

An ma taɓa gwada haɗin gwiwa. Ƙungiyar CEAO ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kafa cibiyar makamashin rana ta yanki a Bamako. Amma Nijeriya, wadda ita ce kasuwa mafi girma, ba ta cikin ƙungiyar, kuma da CEAO ta rushe a 1994 cibiyar ta rasa uwar da ke riƙe da ita. Darasin da ke nan a fili yake. Masana sun ƙirƙiro, amma abin da suka ƙirƙiro bai tsallaka daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa mai faɗi ba. Na'urar da aka yi guda ɗari ba za ta taɓa yin arahar wadda aka yi dubu ɗari ba, kuma cibiyar da gudummawar gwamnatoci kaɗai ke ciyar da ita, ranar da gudummawar ta tsaya ranar take mutuwa.

3.0 Haɗin Waya da Iyakarsa

Haɗin gwiwar da ya fi daɗewa tsakanin ƙasashen biyu shi ne na cinikin wuta. Tun shekarun 1970 layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ke kai wutar da ta samo asali daga madatsar Kainji, wani layin kuma ya tashi daga Katsina ya shiga Gazawa domin Maraɗi da Damagaram. A 1999 ECOWAS ta kafa hukumar WAPP mai mazauni a Kwatano domin haɗa layukan ƙasashen yankin, a 2010 kuma ta buɗe cibiyar ECREEE a Praia domin makamashi mai sabuntuwa. A 2022 aka ƙaddamar da aikin babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da Malanbil.

Watan Agusta na 2023 ya nuna raunin wannan tsari. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da ke biyan kusan kashi 70 cikin ɗari na buƙatar Nijar, ba a dawo da ita ba sai a Maris na 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a wannan tsakani, ta rage wa Yamai raɗaɗi. Abin lura shi ne, layin wuta umarni ɗaya daga fadar gwamnati ya ishe shi ya mutu. Gwanintar mai haɗa sola kuwa, da shagon gyaran inbata, da amanar da ke tsakanin ɗan kasuwar Jibiya da na Maraɗi, babu maɓallin da ke kashe su. Saboda haka haɗin waya yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya haifar da masana'anta.

4.0 Kowa da Tasa Masana'anta

Ƙoƙarin da ake yi yanzu a rarrabe yake. A Nijeriya, hukumar NASENI na da masana'antar haɗa faranti a Karshi kusa da Abuja, wadda ta fara da ƙarfin megawat 7.5 a shekara. A Wagadugu an buɗe Faso Energy a 2020 da ƙarfin megawat 30. A Legas kamfanin Auxano ya buɗe tasa mai kimanin megawat 100 a 2023. Duk waɗannan abin yabawa ne. Amma masana'anta guda a Sin na fitar da dubban megawat a shekara, kuma farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Bugu da ƙari, ƙwayoyin silikon da ke juya haske zuwa lantarki, waɗanda su ne zuciyar farantin, daga waje ake sayo su ko da a gida aka haɗa.

Wannan ne ya sa shawarar hana shigo da faranti, da aka ji daga bakin ministan kimiyya da fasaha na Nijeriya a 2025, take buƙatar taka-tsantsan. Idan aka rufe ƙofa alhali masana'antun gida ba su kai ga biyan buƙata ba, farashi zai hau kan manomi da mai shago, sannan fasa-ƙwauri ya samu gindin zama a iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500. Mafita tana cikin zaɓen inda za a yi gasa. Faranti yanki ne kawai na kuɗin da ake kashewa wajen kafa sola. Akwai ƙarafan ɗora shi, da wayoyi, da na'urar daidaita caji, da batir, da ƙwadagon haɗawa, da gyara na tsawon shekaru. A nan ne kusanci da mai saye ke zama riba.

5.0 Ginshiƙai Huɗu

Haɗin gwiwar da zai ɗore yana buƙatar ginshiƙai huɗu. Na farko, ma'aunin inganci guda. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru a jikinsa yana rage abin da yake bayarwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A bazarar Sakkwato ko Tawa, inda zafi ke haura digiri 40, farantin kansa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu na rufe fuskarsa, batir mai darma kuma yana saurin lalacewa a cikin zafi. Ga kuma jabun kaya da ake rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Idan Sakkwato da Yamai suka raba aikin gwaji, ɗaya ta riƙe faranti da famfo, ɗaya ta riƙe batir da inbata, kuma kowace ƙasa ta amince da hatimin ɗaya, an samu kasuwa guda ba tare da gina sabuwar hukuma ba.

Na biyu, horo da takardar shaida guda. Mafi yawan masu haɗa sola a wurin ubangida suka koyi aikin, ba a aji ba. Na Nijeriya ya tashi da Ingilishi a takarda, na Nijar da Faransanci, amma dukkansu Hausa suke yi a bakin aiki. Manhaja guda da aka rubuta da Hausa, da jarrabawar aikin hannu da za a karɓa a Katsina a karɓa a Damagaram, za ta yi abin da tarurrukan ministoci ba su yi ba.

Na uku, raba aikin ƙira gwargwadon ƙarfin kowa. Kano na da maƙera da masu walda da unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa, inda aka kafa tashar sola mai megawat 10 a 2023. Nijar na da gogewar shekaru a ban-ruwa, da manoman albasa na Galmi da ke buƙatar famfo da rumbun adana kaya. Famfon noman rani, da ɗakin sanyaya tumatir da madara, da na'urar busar da tattasai da kilishi, kaya ne da mai ƙera su daga nesa bai san ƙurarmu da zurfin rijiyoyinmu ba. Haka nan tattara matattun batura da sake sarrafa su cikin aminci ya fi dacewa a yi shi tare, domin gubar darma ba ta san iyaka ba.

Na huɗu, sayayya ta bai ɗaya. Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya dala miliyan 750 a Disamban 2023 domin shirin DARES na faɗaɗa makamashi mai sabuntuwa, Bankin Raya Afirka kuma na da shirin samar da megawat 10,000 na sola a ƙasashen Sahel 11. Idan aka sanya sharaɗin cewa wani kaso na sassan da za a yi amfani da su ya fito daga yankin, ba daga ƙasa ɗaya tak ba, mai masana'anta zai ga odar shekaru a gabansa, banki kuma ya samu hujjar ba shi rance.

6.0 Ƙorafin Siyasa da Tsaro

Za a ce wannan mafarki ne, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025, ga matsalar 'yan bindiga a kan iyaka, ga bambancin naira da sefa. Ƙorafin na da tushe. Amma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, da aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, ta girmi ECOWAS kanta, kuma ba ta dogara da ita ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohin Nijeriya ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ya ba Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato damar motsawa. Jami'o'i da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya ƙulla yarjejeniyar gwaji da horo ko da shugabanni na zaman doya da manja. Hasali ma, tsamin dangantakar shi ne dalilin fara aiki daga ƙasa, inda saɓanin fadoji bai cika isa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yankin ya mallaki ilimin makamashin rana tun shekarun 1960, ya kuma mallaki buƙata mai yawa a yau, amma bai haɗa biyun a kasuwa guda ba. Gasa da Sin wajen ƙera ƙwayoyin silikon ba ta cikin abin da za a iya a yanzu. Abin da za a iya shi ne gwaji, da horo, da ƙera sassa, da gyara, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran sulhun shugabanni. Don haka ana kira ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da Jami'ar Abdou Moumouni da su fara da yarjejeniyar amincewa da sakamakon gwajin juna, gwamnatocin jihohin kan iyaka su ɗauki nauyin manhajar horo da Hausa, sannan Hukumar Haɗin Gwiwa ta sanya kayan sola cikin jerin hajojin da za a sauƙaƙa wa tsallaka iyaka.