Zagga da Hanyar Gwanja: Kwanakin Hutu a Zango

Garin Zagga yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. A ƙarni na 19, ta wannan yanki namu fataken goro kan ƙetare Kogin Kwara kusa da Illo, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja.

Tafiya ce ta watanni: daga Illo sai ƙasar Bargu, sai Djougou, sai duwatsun Atakora, sannan Sansanne Mango. Madugu kan tsayar da ayari na kwanaki a manyan zanguna, domin jakin da ya shiga duwatsu a gajiye ba ya kai kaya gida. A kwanakin nan fatake kan sauka wurin mai masauki, su sayar da kanwa da tufafi, su zaga kasuwa, su buɗe ido, su ji labarin hanyar da ke gaba.

Hanyar ta ja baya bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892. Sai dai har yau muna ganin sawunta a unguwannin Zango na Benin, Togo da Gana.