Digiri 104 a Daura: A Wane Ma'auni?

Da yawanmu muna sha'awar rubuta labarin da ya faru a Daura zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. In muka shiga takardun Turawan mulkin mallaka muka ci karo da zafin bazara na digiri 104, kada mu kwafe shi haka nan. Mai karatu na yau zai ɗauka ruwa na tafasa a rijiyar Kusugu, don ya san a digiri 100 yake tafasa.

Turawan Ingila ma'aunin Faranhait suke amfani da shi, wanda Daniel Fahrenheit ya fitar a 1724. Sifirinsa daga sanyin cakuɗin ƙanƙara da ruwa da gishiri ya samo shi. A cire 32 daga 104, a ninka da 5, a raba da 9, sai a samu 40. Wannan shi ne zafin Afrilu da muka sani, a ma'aunin Salshiyas da rediyo ke faɗa mana. Shi kansa Anders Celsius, mutumin Suwidin, a 1742 a juye ya tsara nasa: sifiri wurin tafasa, 100 wurin daskarewa. Daga baya aka birkita shi.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan ɓuya. Sai mu rubuta cewa da asuba digiri 20 ne, da azahar 40, don haka "zafi ya ninka". Bai ninka ba. Sifirin Salshiyas ba ƙarshen sanyi ba ne, inda ruwa ke daskarewa ne kawai. A 1848 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya kawo ma'aunin da ke farawa daga sanyin da babu na ƙasa da shi, wato 273.15 ƙasa da sifirin Salshiyas.

Shi ya sa ɗalibin da ya warware lissafin iska, PV = nRT, ya ware T = PV/nR, amsarsa a Kalbin take fitowa. Matsi sau girman wuri na ba da jul, a ƙasa kuma akwai jul bisa Kalbin. Jul ya cinye jul, Kalbin ya rage. A wannan ma'auni asubar nan 293 ce, azahar 313. Ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ko da yake mai tallan ruwan sanyi a kasuwar Daura ba zai yarda da mu ba.